Wa Zai Fito a Sarkin Zurfi

Ranar Laraba Mamuda ya turo mini bidiyon gwajin 'yan wasa uku a waya, ya ce zuwa Litinin yake son in faɗi wanda na zaɓa, in ba haka ba su zaɓa da kansu. Mamuda mai shirya fim ne a Kano, mutum mai saurin magana kamar wanda ya baro tukunya a kan wuta. Fim ɗin da zai yi kuwa daga labarin zanena ne, Sarkin Zurfi, wanda na shekara huɗu ina zanawa ina sakawa a intanet bayan na taso daga makarantar da nake koyarwa a Kazaure.

Sarkin Zurfi gwarzo ne mai shiga ƙarƙashin ƙasa. Yana fasa dutse da hannu ya fito da ruwa, yana ciro waɗanda rami ya rufta da su, in ya gama sai ya daka tsalle ɗaya ya fito sarari. Masu karatu sun ɗauka daga kaina na ƙago shi. Ni kaɗai na san mahaifina ne, Baba Kura, wanda ya shekara talatin yana haƙa rijiyoyi tsakanin Gwiwa da Roni da Babura kafin burtsatse ya kashe musu kasuwa. Na dai ƙara masa tsawo da faɗin ƙirji, don masu karatu ba sa son gajeren gwarzo. Baba ya haura saba'in yanzu, ƙafa ta fara ƙi. Burina ɗaya ne, a yi fim ɗin nan yana da rai, in zaunar da shi ya kalla, in ce masa, Baba kai ne wannan.

Na kalli 'yan wasan nan uku har na gaji. Duk kyawawa ne, duk sun sha ɗaga ƙarfe, amma babu wanda zuciyata ta kwanta da shi. Da na rasa mafita, ran Asabar da hantsi na hau babur zuwa Gwiwa.

Na tarar da su a tsakar gida. Hajja Kaka, yayar Baba, tana ɓare gyaɗa a faifai, ƙanena Mu'azzam ya faka a-daidaita-sahunsa a waje ya shigo shan kunu, Baba yana kan buzunsa a gindin darbejiya. Bayan mun gaisa na faɗa musu abin da ya kawo ni. Baba ya san ina zane, amma ban taɓa nuna masa ba, ban kuma taɓa gaya masa shi nake zanawa ba. Kunya ce ta hana ni, da kuma son in ba shi mamaki. Ranar dai na fasa ƙwai.

Mu'azzam ya ajiye kofi ya ce, "Yaya, ai kin sha wahalar banza. Ga Lauwali mahauci nan a bakin kasuwa. Kafaɗarsa kaɗai ta isa fim biyu."

"Lauwali da ke gudun kyankyaso?" in ji Hajja Kaka. "In ƙarfi ake nema a ɗauki Dela mai fura. Ƙwarya uku take ɗorawa ta je kasuwa ta dawo, ko tari ba ta yi."

"Hajja, namiji ake nema."

"To a sa mata gemu."

Muka yi ta dariya. Daga nan wasa ya ɓarke, kowa na kawo nasa. Aka sa ladan ya fito a mugun labarin saboda muryarsa, aka cire shi don tsoron alhaki. Aka ba mai facin taya, aka ƙwace. Mu'azzam ya ba kansa, Hajja ta ce gwarzon da ba ya tashi sallar asuba sai an yayyafa masa ruwa ba zai ceci kowa ba. Baba yana murmushi kawai.

Na matsa kusa da shi na durƙusa na miƙa masa wayar. "Baba, kai za ka raba gardama. Tunda kai za su fito, kai za ka zaɓa."

Ya riƙe wayar nesa da idonsa. An gwada 'yan wasan ne a wani rami da aka haƙa don gwajin. Na farko ya diro ciki da tsalle, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya. Baba ya ce, "Wannan ya karye." Na biyu ya shiga yana kaɗa diga sama da kansa. Baba ya ce, "Wannan zai rufto da bango a kansa." Na uku ya sauka a hankali, ya shafa bangon ramin da tafin hannu, har na ga Baba ya gyara zama. Sai ɗan wasan ya tsaya a tsakiya, ya ɗaga kai sama, haske ya sauka a fuskarsa. Wurin nan ne ya fi burge ni a duk bidiyon.

Baba ya miƙo mini wayar. "Duk ukun sama suke kallo."

"Ai haka yake a zanen, Baba. Zanen suka bi."

"Mu ga zanen."

Na buɗe masa, ina jan shafukan da yatsa. Sai a lokacin na lura da abin da hannuna ya shekara huɗu yana yi. Kusan kowane shafi Sarkin Zurfi yana ƙasan rami, haɓa a ɗage, ido a sama. Na mayar da ita tsayuwarsa ta musamman, har yara a makarantarmu suna kwaikwayo.

Baba ya bi shafukan da kallo. Can ya ce, "Hannunki yana da kyau, Sa'adiyya, Allah Ya yi albarka. Amma wannan bai taɓa haƙa rijiya ba."

Na ce, "Saboda me, Baba?"

"Na ƙasa ba ya kallon sama. Shi ne abin farko da ake koya maka, tun kafin a ba ka diga. Tsakuwa ƙarama in ta faɗo daga gaba goma, a ka za ka ji zafi ka ci gaba da aiki, a ido kuwa ka rasa idon. Wannan ɗaya ke nan." Ya ɗaga yatsu biyu. "Na biyu, sama ba aikinka ba ne. Akwai mai riƙe maka igiya. In ka ɗaga kai kana leƙensa, ka gaya masa ba ka yarda da shi ba ke nan. Na san waɗanda suka rabu a kan haka. Da igiya kuke magana: ja ɗaya, ya ɗauke guga. Ja biyu, ya sauko da shi. Ja uku, ya fito da kai ko da hannunsa zai tsage. Maganarku ke nan tun safe har la'asar."

Ya sake duban wayar, ya ja shafi da kansa, ya ja wani. "Ina mai igiyarsa?"

"Ba shi da shi, Baba. Tsalle yake yi ya fito."

"To," in ji shi. Ya ɗauke ido daga wayar.

Hajja Kaka ta ce, ba tare da ta ɗago daga faifanta ba, "Haladu ya shekara ashirin da takwas a rana ke nan a banza."

Wallahi da mari aka yi mini da ya fi mini sauƙi. Na san Baba Haladu sarai. Dogo ne siriri, mutumin Roni, shi ke zuwa da sassafe ya yi sallama a ƙofar gida su tafi da Baba. Ina yarinya na sha kai musu abinci bakin aiki, kullum shi nake tararwa a tsaye, ƙafa ɗaya a gaba, igiya a hannu, ba ya ko juyowa ya amsa gaisuwa sai da ka. Shi idona yake gani, Baba yana can ƙasa ba na ganinsa. Amma da na tashi zane, sai na zana wanda ban gani ba, na share wanda na gani, don a ganina tsayuwa ba aiki ba ce.

Na ce, "To Baba, cikin ukun wa zan ce?"

"Ni kowa ya samu ya fito. Wa ke ganin fuskar na ƙasa? Wanda zai fito a Haladu ki nema, shi ne mai wuya."

Washegari Mu'azzam ya kai ni Roni. Muka sami Baba Haladu a zaure, ya tsufa fiye da yadda na zata. Ya gane ni da na ce 'yar Kura ce. Da ya ɗaga hannu yana sa mini albarka na ga yatsunsa ba sa miƙewa, sun lanƙwashe ciki kamar har yanzu akwai abin da suke riƙe, tafin kuma duk kanta. Na ba shi labarin fim, na nuna masa 'yan wasan, na tambaye shi wanda ya fi kama da Baba lokacin ƙuruciyarsa.

Ya kalle su ya girgiza kai. "'Yata, ni ai ban san fuskar Kura a bakin aiki ba. Tsakiyar kansa na sani. Ki samo mai sanƙo, da ɗan tabo a gefen hagu, shi ke nan kin gama."

Mu'azzam ya fashe da dariya, shi ma tsohon ya taya shi. Ni ban iya ba. Na roƙe shi ya ɗora hannuwansa a gwiwa, na fito da takarda da fensir. Ya zauna shiru har na gama, bai motsa ba ko sau ɗaya.

Ran Litinin da safe, kafin in shiga aji, na kira Mamuda. Na ce masa na uku ya yi, amma da sharaɗi. Za a aske masa kai, ba zai ɗaga ido sama ba a cikin rami, ba zai yi tsalle ya fito ba, kuma a nemo ɗan wasa na biyu wanda zai riƙe igiya.

"Malama," in ji shi, "kin san abin da kike faɗa kuwa? Fuskar yaron nan ita ce fim ɗin. Ki ce in ɗauko shi in kifa kansa ƙasa awa biyu? Kuma gwarzon da sai an jawo shi da igiya kamar guga, wa zai kalla? Ke kika zana shi yana tsalle, ba ni ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini ciwo. Na ce ni na zana, kuma kuskure na yi. Ya ce shi abin da mutane suka riga suka so zai ɗauka, ko yadda yake ko a bari. Ya ba ni zuwa azahar. Na koyar da darasi biyu ban san me na faɗa ba. Ina son fim ɗin nan, ba zan ɓoye ba, na so shi kamar raina. Amma na yi ta ƙoƙarin hango ranar da zan zaunar da Baba in ce masa kai ne wannan, alhali ya riga ya gaya mini ba shi ba ne. Da azahar na rubuta wa Mamuda cewa a bari. Ya amsa da kalma uku, Allah Ya kyauta, na shiga ofishin malamai na rufe ƙofa na yi kukana.

Sai Asabar ta gaba na koma Gwiwa. Baba yana inda na bar shi. Na gaya masa babu fim. Ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ya tambaye ni jikin Haladu. Na ce da sauƙi, yana gaishe shi. Sannan na zaro takarda daga jaka na ajiye a gabansa.

Shafi ɗaya ne kawai, shi na kwashe mako ina yi. An hango rijiyar daga sama. Can ƙasa akwai ɗan ƙaramin kai mai sanƙo a sunkuye, babu fuska, babu ƙirji. Igiya ta taso daga wurinsa har bakin takarda, inda hannuwa biyu suka riƙe ta.

Baba ya ɗauka ya kai kusa da ido, ya mayar nesa. Ya sa babban yatsa ya bi igiyar daga ƙasa zuwa sama, ya tsaya a kan hannuwan. Ya daɗe a wurin. Hajja Kaka ta leƙo daga ɗaki za ta yi magana, ta ga fuskarsa, ta koma.

"Ban taɓa ganin tsakiyar kaina ba," in ji shi. "Amma waɗannan hannuwan Haladu ne. In shi ne a sama, to na ƙasan nan ni ne."