Ruwan Mai Igiya

Da hantsi ne, hadari ya tokare gabas, ya ƙi zubowa ya ƙi tafiya. Iska ta ɗauke ɗif. Teku ta janye har falalen murjani ya fito fili yana ƙarni, can ƙarshensa kuma sandar nan tana tsaye, da busasshen ganyen kwakwa ɗaure a kanta.

A lokacin ne jirgin ruwan 'yan mishan ya sauke baƙuwar. Baturiya ce doguwa, ta ɗan manyanta, da fararen takalma. Sunanta Noreen, yayar Laftanar Tregear, wanda mu a garinmu muke kira Mai Igiya.

Sojan ruwan Ostareliya ne. Sa'ad da Japanawa ke riƙe da tsibirinmu ya zo a ɓoye cikin kwalekwalen roba, da wata igiya mai dalma ɗaure a ƙarshenta, yana auna zurfin ruwa don a san inda jirage za su sauke sojoji. Babana Tamun ne ya ɓoye shi a gonar gwaza, ya ci daga tukunyarmu. Ran da zai koma ya ce saura wuri ɗaya bai auna ba, bakin ramin nan inda falalen ya yanke, ruwa ya koma baƙi. Ya tafi. Waɗanda suka zo ɗaukarsa suka jira har suka hango 'yan sintirin Japanawa, suka juya. Washegari Baba ya tsinci igiyar naɗe a jikin murjani. Babu mutum, babu ko hula.

Mu in mutum ya mutu, rufe masa ruwa muke yi. A kafa sanda, ba mai ƙara kamun kifi a wurin sai ɗan'uwansa na jini ya zo ya cire ta da hannunsa, a ci abinci, a sallame shi. Baba ya ce wanda ya ci gwazarka ya wuce baƙo, ya kafa masa sanda. A zatonsa danginsa za su zo da zarar yaƙi ya lafa. Yaƙi ya ƙare, shekaru suka yi ta wucewa, sanda ta ruɓe ya sake wata, ita ma ta ruɓe. Bam ya riga ya cinye rabin gonakinmu, nan ne kuma ruwan da ya fi kifi. Yaran yayana Boski da gwaza zalla suke kwana.

Shi ya sa da aka ce tana tafe, mata suka zafafa duwatsun da muke gashi da su a rami, aka yanka aladen da ya rage mana. Kowa ya ɗauka buɗe ruwa ta zo yi.

Ni aka tura gaba, don na ɗan yi shara a mishan, na tsinci Turanci kaɗan. Ta gaishe da Baba, ta dubi duwatsun da ke bayan gari, ta ce da ni, "Tambaye su wane ƙauye aka kai shi a can sama. Na ji an ce mutanen tudu sun ɓoye wasu Turawa, har yanzu suna raye."

Na ƙi fassarawa.

"Me ta ce?" in ji Boski.

"Hanya take tambaya, Yaya."

"Hanyar ina? Ga sanda can, ko makaho ya san inda take."

Inna Sialis, ƙanwar Baba, ta tofar da jan yawun goronta. "Turancin ya ƙare ke nan, ɗan mishan? Ashe tsintsiyar kaɗai suka koya maka."

Ba wanda ya yi dariya sosai. Na faɗa musu abin da ta ce. Boski ya dubi ramin da alade ke gasuwa, ya dubi yaransa, ya ce a hankali, "To mu mun yanka na banza."

Baba ya shiga ɗaki ya fito da igiyar, ya miƙa wa baƙuwar hannu biyu. Ta juya dalmar a tafinta, ta daɗe tana juyawa.

"A ina?" ta ce.

Na nuna mata da haɓa. Ta tuɓe takalmanta ta ajiye a kan yashi.

"Ka kula da ruwa, ya kusa juyowa," in ji Baba. "Kuma ko ta gaza, kada ka sa mata hannu a sandar."

Muka taka falalen, ni a gaba. Tun ina ƙarami rabona da wurin. Kifi ya cika kowane kwari har ba ka ganin ƙasa, kuma ba sa gudu. Sukan zo su tsaya a gaban ƙafarka suna kallo, sai ka ture su. Ban taɓa ganin kifin da bai san mutum ba, kuma ban ji daɗin ganinsa ba.

A bakin ramin ruwa ya kai mana ƙauri. Taku ɗaya gaba, baƙi ne kawai. Wani abu dogo ya gifta a ƙasa, bai yi sauri ba, ya juyo ya sake giftawa.

"Me sandar take nufi?" ta ce.

Na gaya mata yadda na iya.

"In na cire fa?"

"Kin ce ya mutu ke nan, Misis. Mu ma mu daina jiransa."

"In na bar ta?"

"Ruwan nasa ne. Ba mai taɓawa."

Ta waiga. Gari duka yana tsaye a bakin yashi, maza da masun kamun kifi a hannu, yara a gaba, ba mai motsi. Daga nan kana iya ƙirga haƙarƙarin ƙaramin ɗan Boski.

Ta saki dalmar cikin ramin. Igiyar ta yi ta bin yatsunta tana sauka, ƙulli bayan ƙulli, har ta zo ƙarshe ba ta taɓa ƙasa ba. Ta riƙe bakin igiyar. Ruwa ya kai mana gwiwa, yana ja.

"Misis, ruwa."

Ta buɗe yatsunta. Bakin igiyar ya yi ƙasa ya ɓace.

Sannan ta kama sandar. Sandar ta ƙi fita, don Baba ba ya kafa abu da wasa. Ta jijjiga, santsi ya kusa kwashe ta wajen ramin, ni kuwa na haɗa hannuwana a baya na riƙe. A ja na gaba ta fito, gindinta baƙi ƙirin, ƙananan kaguwa na zubowa daga jiki.

Da muka iso gaɓa ba a yi guɗa ba. Ta ajiye sandar a gaban Baba ta zauna a kan kututture, tana kallon hannayenta. Ruwa a buɗe yake yanzu, amma ba wanda ya taka.

"Ga shi nan, sarkin yunwa, shiga mana," in ji Inna Sialis.

Boski ya dubi inda sandar take da, ya jingine mashinsa. "Gobe," ya ce. Tsawa ta yi gunji can nesa.

Sai na lura ruwa ya ɗauke takalmin baƙuwar ɗaya, yana lilo da shi a baki-baki. Na bi na ɗauko, na ɗauraye yashin, na haɗa da ɗayan na ajiye kusa da ƙafarta. Ta zura su a jiƙe, ba ta ɗago ba.