Kwana Tara da Zuba Dakin

A daminar 2008 Batulu Uthman ta sauka Abuja horon sanin makamar aiki, wanda ɗalibai ke kira IT. Tana aji huɗu a sashen injiniyan gine-gine a Zariya. A lokacin gari ya rikice da gini, duk inda ka waiga rodi ne tsaye cirko-cirko, tifofi na ta kaiwa da komowa da yashi da tsakuwa. Gwaggonta Safiyatu, wadda ke aiki a wata ma'aikatar tarayya, ita ta samo mata gurbi a wani kamfani da ke gina gida mai hawa uku a Maitama. Manajan aikin, Injiniya Aminullahi, abokin mijin Gwaggo ne tun suna sakandare.

Daga Kuje take tasowa kullum bayan asuba, ta hau mota biyu kafin ta isa. Ta zo da hular kwanonta da takalmin aiki da ta sayo tun daga Zariya, tana zaton za a sa ta awon ginshiƙi da duba zane. Sati uku na farko ba ta taɓa ko tef ɗin awo ba. Aikinta shi ne ta kai takardu shagon fotokofi, ta sayo wa Injiniya shinkafa wajen Madam Lucy mai abinci, ta share kwantenar da aka mayar ofis. Sauran ɗalibai biyu maza kuwa suna can sama tare da masu ɗaurin rodi. Da ta yi magana, Injiniya ya yi dariya, ya ce ai shi amanarta aka ba shi, ba zai bari ta faɗo daga tsani ya rasa abin gaya wa gwaggonta ba. Don ta yi shiru, ya miƙa mata littafin rahoton wurin aiki, ya ce tunda rubutunta na da kyau, ta riƙa rubuta duk abin da aka yi a rana, shi kuma ya sa hannu da yamma.

Abin ya ƙona mata rai, amma ta riƙe littafin da gaske. Da shi take zagaye ginin, tana tambayar kowa me yake yi. A nan ta saba da Baba Sadisu, shugaban kafintoci, wani dattijo ɗan Katsina da ya shekara ashirin yana kafa katako da gora a gine-ginen Abuja. Ta kuma saba da Rosemary, wata mata 'yar Karshi mai 'ya'ya huɗu, wadda ke ɗaukar kankare da bulo a kwanon sarki. Rosemary ce kaɗai ke kiranta Injiniya ba da zolaya ba.

An zuba dakin, wato rufin kankare, na hawa na biyu ranar wata Talata. A zanen ginin an rubuta ƙarara cewa gorar da ke tokare da shi za ta kwana ashirin da ɗaya kafin a taɓa ta. Ranar kwana na tara, Alhamis, Injiniya ya fito daga kwantena da waya a kunne, yana ta “to ranka ya daɗe”. Mai gidan ne zai dawo daga ƙasar waje ranar Asabar, kuma yana so ya shiga babban falo da baranda ya gan su a buɗe, ba dajin gora ba. Injiniya ya kira Baba Sadisu ya ce a cire.

Dattijon ya cire hularsa ya sosa kai. Ya ce kankaren nan ɗanye ne, ga ruwan sama da ake yi kullum, bai ga rana mai ƙarfi ba. Ya roƙa a bar ko na barandar, tunda ita ba ginshiƙi a bakinta. Batulu na tsaye da littafi a hannu. Ta ce ita ma abin da aka koya musu ke nan, kuma sakamakon gwajin kankaren bai dawo ba tukuna.

Injiniya ya dube ta daga sama har ƙasa a gaban leburori. “Ke da kika zo koyo, yau ke za ki koya mini? Kin taɓa gina ko akurkin kaji?”

Aka yi dariya. Baba Sadisu bai yi ba. Ya mayar da hularsa, ya kira kafintocinsa, suka fara kwance gora. Batulu ta koma gindin wata bishiya, ta rubuta abin da ya faru yadda ya faru: ƙarfe sha ɗaya da kwata, manajan aiki ya ba da umarnin cire gorar hawa na biyu, kwana tara da zubawa, shugaban kafintoci ya nuna rashin amincewa. Da yamma Injiniya ya sa hannu a ƙasan shafin kamar kullum, idonsa na kan wayarsa.

Washegari da safe aka fara hawa da bulo sama, domin mai gida ya tarar an soma hawa na uku. A barandar ake jibge shi saboda nan ne kusa da tsani. Batulu na bayan ginin tana ƙirga buhunan siminti ta ji ƙara kamar an fasa dutse, sai ƙura, sai ihu. Barandar ce ta karye daga gindinta ta rufto da bulon da ke kanta. Rosemary na kan barandar a lokacin, da kwano a kafaɗa. Da aka janye ɓaraguzan aka fito da ita, ƙafarta ta dama ta karye wuri biyu, ƙashi a waje. A bayan motar ɗaukar kaya aka kwantar da ita aka nufi asibiti.

Kafin a tafi masallacin Juma'a 'yan sanda sun zo. Kamfani ne ya kira su, kuma takardar ƙarar ta ce shugaban kafintoci ne ya yi gaban kansa ya cire gora ba da izini ba. Batulu na kallo aka tisa ƙeyar Baba Sadisu, da fensirinsa maƙale a kunne. Leburori talatin ne a wurin, duk sun ji umarnin jiya da kunnensu, ba wanda ya ce uffan. Ba ta ga laifinsu sosai ba, kowa da bakunan da ke jiransa a gida, amma ta ji kamar ta kurma ihu. Ta sa littafin a jakarta, ta fita kamar an aike ta, ta je shagon da ta saba, ta yi kwafi uku na shafin.

Da ta dawo Injiniya na jiranta a kwantena. Ya sa ta rufe ƙofa. Muryarsa ta yi laushi, har da kiranta 'yata. Ya ce ya duba ya ga akwai kuskure a shafin jiya, ta yage shi ta sake rubutawa, zai gaya mata abin da za ta sa. Ya ce Sadisu ba abin da zai same shi, kwana biyu ne a sake shi, kamfani ya san yadda zai yi. Yana magana yana juya littafinta na makaranta a kan tebur, wanda idan bai sa hannu ya buga hatimi ba, watanninta shida sun tashi a banza.

“Yallaɓai, ba kuskure a shafin,” in ji ta. “Ina wurin. Kai ma ka sa hannu.”

“Kin san wa ya kawo ki nan?”

“Na sani. Matar nan da ƙashinta ke waje, wa ya kawo ta?”

Ya tashi tsaye. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin yarinya mara kunya irinta ba, ta ajiye littafin kamfani ta fice, kar ya ƙara ganin ƙafarta a wurin. Ta ajiye, ta ɗauki nata, ta fita. Sai da ta kai bakin titi ta lura ko hular kwanonta ba ta ɗauko ba, ba ta kuma koma ba.

Sunan wadda ta zana rodin ginin na jikin kowane zane, Injiniya Clara, da adireshin ofishinta a Wuse. Batulu ta je can, ta zauna awa biyu a benci kafin a shigar da ita. Matar ta karanta shafin sau biyu, ta cire tabarau, ta yi wata ashar da Turanci. Ashe ita ma an gaya mata laifin kafinta ne. Ranar Litinin ita da lauyanta suka kai takardar wurin 'yan sanda, ranar Talata aka saki Baba Sadisu. Ya kwana huɗu a tsare, kuma kamfanin bai mayar da shi aiki ba.

A gida kuwa Gwaggo Safiyatu ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Ta ce Batulu ta zubar mata da mutunci, mijinta ya kasa ɗaga wayar abokinsa, a garin nan ba a haka, mutum na bin a hankali ne. Batulu ta bari ta gama, sannan ta ce da ita Batulun ce a ƙarƙashin ɓaraguzan, shin haka Gwaggo za ta ce a bi a hankali? Gwaggo ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwarta ba.

Injiniya Clara ta ɗauke ta ta ƙarasa sauran watannin a ofishinta, amma ta ce ba za ta sa hannu a kan satuttukan da ba ta gani ba. Haka Batulu ta rasa sati bakwai, sai da ta rama su a hutu na gaba. Shi kuwa Injiniya Aminullahi, kamfani ya ɗauke shi daga Maitama ya ba shi wani aiki da ya fi wannan girma, rukunin gidaje arba'in a hanyar filin jirgi.

Wata Asabar ta hau mota ta je Karshi duba Rosemary. Asibiti sun sallame ta bayan kwana goma, danginta suka kai ta wurin mai ɗori. Ta same ta zaune a kan tabarma a tsakar gida, ƙafar ɗaure da kara da tsumma, ta kumbura har gwiwa. Rosemary ta yi murna ƙwarai, ta sa aka dafa mata gyaɗa. Suka ɗan taɓa hira, sannan ta rage murya ta kamo hannun Batulu.

“Injiniya, ki taimake ni ki gaya ma oga, in ƙafa ya warke zan dawo. Kar ya ba wani wurina. Ki ce ban yi fushi ba.”

Batulu ta so ta ce mata ai kamata ya yi ta yi fushi, ta yi wanda ya fi nata. Ta dubi ƙafar, ta dubi yaran da ke zaune a bakin ƙofa suna ɓarar gyaɗa, ta ce za ta gaya masa. A motar komawa direba ya tsaya ɗaukar fasinja na biyar a kujerar mutum huɗu, ta balbale shi da masifa har sai da sauran fasinjoji suka riƙa ba ta haƙuri.