Keke Biyu a Ɗakin Inna

Inna Tela ba ta taɓa sanin tana da gwiwa ba sai da ɗanta ya samu aiki.

Auta yaron kirki ne, wannan ba musu. Aibinsa ɗaya: a ganinsa, duk motsin da uwa ta yi abin kunyar ɗa ne. Da albashinsa na farko ya sayo inji ya ɗaura wa keken ɗinkinta, ya cire bel ɗin da ke juya keken ya jefa cikin akwati. Ƙafar da ta saba taka keke tun safe ta koma danna ɗan abu da yatsa. Zare da maɓallai da take takawa kasuwa ta zaɓo, tana tsayawa gaisuwa shago shago, suka koma zuwa a leda har bakin ƙofa. Ko tsintsiya ta ɗauka sai ya ƙwace.

"Zauna, Inna, ki huta. Ai kin yi mai wuyar."

Ta zauna. Wa ke ƙin gata? Amma zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. A hankali takalminta ya fara matse ta. Tashi daga kujera ya zama sai ta dafa tebur ta yi nishi. Ranar da almakashi ya faɗi ƙasa ta kasa sunkuyawa ta ɗauka, tsoro ya kama ta sosai.

Likita ya latsa ƙafar, yatsansa ya bar rami. Ya ce, "Mama, zan ba ki magani, amma rabi ne. Ɗaya rabin a ƙafarki yake. Ki riƙa motsawa kullum, ko kaɗan ne. In kika ci gaba da zama, nan gaba sai an tura ki."

Auta na tsaye a gefe, amma ƙarshen maganar kawai ya ji.

Washegari, da ya fita aiki, Inna ta zazzage akwati ta samo bel ɗin, ya bushe ya ƙandare. Ta shafa masa mai, ta kwance injin, ta mayar da keken yadda ta san shi. Takun farko sai da hawaye ya zubo mata. Ta zagi gwiwar, ta zagi injin, ta sake takawa. Da yamma ta dafa bango ta kai bakin ƙofa ta dawo. Haka ta yi ta yi a ɓoye, in ta ji ƙarar motarsa sai ta lulluɓe keken da ƙyalle. Ƙafar ta fara saɓewa, amma kasuwa ta fi ƙarfinta, don babu bangon dafawa a titi.

Ran nan Auta ya shigo da wuri, yana turo keken guragu sabo fil, ko ledar kujerar ba a cire ba. Ba ta ji ƙarar motarsa ba, ya tarar da ita tana taka nata, injinsa a ƙasa ta tokare ƙofa da shi.

"Haba Inna! So kike a ce na bar ki kina wahala?"

"Auta, zo nan." Ta kama hannunsa. "Ka san wa ake ce wa ta huta? Wadda aka rufe. Ni ban kai can ba, kar ka kai ni."

Ya sunkuyar da kai, idonsa ya cika. Ta ji tausayinsa, don ta san ƙauna ce ta sa ya sayo wannan kaya. Ta miƙe a hankali, ta zagaya keken guragun, ta kama hannayensa biyu na baya. Ta jingina, ta tura. Ya tafi sumul, kuma ya riƙe ta.

"Kai, ashe bango ka sayo mini mai taya! Ɗauko kayan mutane da na gama, zuba a kujerar."

Suka fita titi, ita a gaba tana turawa, ɗinkunan a zaune kamar manyan baƙi. Mai shagon kwana ya leƙo yana tafa hannu: "Inna Tela! Ashe kina gari?"

Kafin su kai rumfar masu zare, Auta da ya saba daga mota sai ofis ya fara haki. Ta waiwayo ta dube shi, zufa na zuba a fuskarta, tana dariya.

"Ka gaji, ɗan nan? Hau in tura ka."