Azumin Ƙaiƙayi

Shekarar da Zaituna ta gama karatun Arabiyya a Funtuwa aka ɗaura mata aure da Awaisu, mai sayar da iri da takin zamani a bakin titin Dayi. Ba ta yi wata uku da tarewa ba limamin unguwa ya aiko yana roƙon ta riƙa karantar da matan aure Asabar da Lahadi da hantsi, don malamarsu ta bi mijinta Matazu.

Zaituna ta amsa da murna. Sai dai ranar farko da ta shiga aji ta ga rabin ɗaliban sun haife ta, wasu ma sun yi jika da ita. Tun daga nan ta ƙudurta ba za ta bari a raina ta ba. Kullum takan zo da manyan littattafai uku, ko da ɗaya za ta buɗe. In tana bayani sai ta yi ta cusa Larabci, mata na gyaɗa kai. Duk tambayar da aka jefo mata kuwa, ba ta barinta ta kai ƙasa.

A sahun gaba akwai wata tsohuwa, Gwaggo Inno, mai kusan shekara saba'in, wadda ba ta taɓa fashi ba kuma ba ta taɓa tashi ba tare da tambaya ba. Asabar ta biyu bayan ƙaramar salla ta ɗaga hannu.

"Malama, in mutum na sussukar dawa da azumi, yana sheƙa, ƙaiƙayi ya bi iska ya shige masa maƙogwaro, ya azuminsa?"

Zaituna a cikin garin Malumfashi ta tashi, gidan da ake sayen gari a kasuwa. Ba ta taɓa riƙe ƙwaryar sheƙa ba, ba ta kuma tuna ta karanta wannan mas'ala. Amma idanu talatin na kanta.

"Duk abin da ya wuce maƙogwaro ya karya azumi," in ji ta. "Sai a rama."

"To na baya fa? Ni shekara hamsin ina sheƙa."

"Sai ki kimanta, Gwaggo."

Inno ta ce, "Madalla da ilimi." Aka tashi.

Mako ya zagayo, ba a ga Inno a aji ba. Ranar Litinin da safe sai ga Ladidi, matar ɗan Inno, ta yi sallama gidan Zaituna, mayafi a karkace.

"Malama, ki zo ki cece mu. Gwaggo ta zauna da ƙwayar masara ta ƙirga azumin da ake binta, ta samu ɗari da arba'in. Yau kwana tara ke nan tana yi, ga wannan zafi na bazara. Jiya da la'asar jiri ya kusa kayar da ita a bakin rijiya. Kuma ba ita kaɗai ba, ta bi gida-gida ta ɗora wa tsofaffi shida. In rana ta take, ko kaza ta gitta ta gabanta sai ta sha faɗa."

Ladidi na fita Zaituna ta baje littattafan nan uku a tabarma, ta duba gaba ta duba baya, ba ta ga abin da ta faɗa ba. Ta kira Awaisu ta ce ya rufe shago ya kai ta Malumfashi.

Sun tarar da Malam Shitu, wanda ya fara ɗora mata karatun fiƙihu tun tana ƙarama, a ƙofar gida yana yanka wa tumakinsa harawa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kwashe labari ta faɗa masa. Malam ya yi dariya har ya ajiye lauje.

"Ƙurar hanya, da garin da ke tashi wa mai niƙa, da irin wannan ƙaiƙayi da ke rinjayar mai aikinsa, duk an yi rangwame a kansu. Ba ramuwa. Ke a ina kika ga naki?"

"Allah gafarta Malam, ban gani ba."

"To me ya hana ki ce ba ki sani ba?"

Zaituna ta ce, "Tsoro na ji. Na ga duk sun girme ni. Na ɗauka in na ce ban sani ba sau ɗaya, shi ke nan, ba mai sake sauraro na."

"Yawwa, yanzu kika faɗi ainihin ciwon," in ji Malam Shitu. "Ni yau tun asuba sau biyu na ce wa mutane ban sani ba, ga shi har yanzu ba a ƙwace rawanina ba. Amma ki ji, a gaban jama'a kika yi ɓarnar, a gaban jama'a za ki gyara. Kada ki je ki ce wai malamai sun yi saɓani."

Zaituna ta yi murmushin kunya, don abin da ta shirya faɗa ke nan tun a kan babur.

Daga can suka zarce gidan Inno. Suka same ta kwance a inuwar rumbu, ta jiƙa zane ta lulluɓa. Zaituna ta durƙusa ta gaya mata gaskiya ba kwana-kwana, ta nemi gafara. Inno ta tashi zaune ta ƙura mata ido.

"Wato kwana taran nan a banza?"

"Ba a banza ba, Gwaggo, Allah ya ga niyyarki. Laifin nawa ne."

"To na yau dai sai na kai shi, la'asar ta kusa. Ladidi! Dama mini fura ki ajiye a randa." Ta juyo wajen Zaituna. "Ke kuma tashi, gwiwarki za ta yi ciwo. Sauran tsofaffin ni zan sallame su, ni na ɗaure su."

Ranar Asabar aji ya cika maƙil, don labari ya riga ya zaga gari. Zaituna ta shigo da littafi ɗaya. Bayan addu'a ta tsaya a gabansu.

"Iyayena da yayyena, amsar da na ba Gwaggo Inno kan ƙaiƙayi kuskure ce. Ban san hukuncin ba, na ji kunyar in ce ban sani ba, na faɗi abin da ya zo bakina. Na wahalar da bayin Allah don in kare girmana. Ku yafe mini. Daga yau abin da na sani zan faɗa, wanda ban sani ba zan je in tambayo."

Sai Inno ta ce, "Mun yafe. Amma ni ramar da na yi, wa zai mayar mini?" Dariya ta ɓarke, har da Zaituna, tana share ido da gefen hijabi.

Abin da ya ba ta mamaki, ranar ce aka fi yi mata tambayoyi. Matan da ba su taɓa buɗe baki ba suka fara magana. Wata amarya mai suna Bushra ta ce ita fa duk Larabcin nan da ake yi ba ta fahimtar ko ɗaya, kunya ce ta hana ta faɗa. Mata da yawa suka ce su ma haka. Zaituna ta sake darasin alwala daga farko da Hausa zalla, ta aika aka kawo buta, kowa ta yi a gabanta. Cikin tambayoyi bakwai ta amsa biyar, ta rubuta biyu a bayan littafinta.

Da ta koma gida Awaisu ya tambaye ta yadda aka ƙare. Ta ce masa lafiya lau, amma ya shirya, don duk ranar Alhamis zai riƙa kai ta wajen Malam Shitu da tambayoyin mata. Awaisu ya ce shi bai ƙi ba, muddin za ta tambayo masa hukuncin mijin da aka mayar ɗan acaɓa ba da shawararsa ba. Ta ce wannan ma ba ta sani ba, amma za ta rubuta.