Tsatsar Kwabon Girka

Shekarar da aka rufe Douala da yajin gama-gari na "villes mortes", kasuwar gidan burodin Musye Stavro, wani tsoho ɗan Girka, ta mutu murus. Ranar da zai tafi jinya ƙasarsu ya kira Halilu, mai kula masa da tanda tun yana saurayi, ya danƙa masa wani kwabon tagulla.

"Riƙe min. In na kai shi gida, 'ya'yana sayarwa za su yi."

Kwabo ne mai kauri, ya cika tafin hannu, kore shar. Gefe guda kan wani mai gemu da ƙahon rago, ɗaya gefen gaggafa ta tsaya ƙyam, sunan sarki kewaye da ita. Tsohon ya ce sarakunan Girka da suka gaji Sarki Iskandar a Masar ne suka buga shi. Halilu kan juya shi a hannu yana jinjina wa maƙerin da ya fitar da gashin tsuntsun nan ɗaya bayan ɗaya.

Wuya kuwa an sha ta a unguwarsu ta New Bell. Halilu ya koma dako a kasuwar Sandaga, ya sayar da rediyonsa, ya sayar da keken ɗinkin matarsa Kulsum. Kwabo dai ko zancensa ba a yi.

Da labari ya zo tsoho ya dawo, sai Kulsum ta tashi tsaye. Ita a gidansu ko kwanon aro ba a mayarwa da datti, balle amana. Ta samu lemun tsami da toka, ta dirje kwabon nan tas, har ya koma ja yana walƙiya.

Halilu bai gani ba sai da ya kwance ƙyallen da aka naɗe kwabon a gaban mai shi. Kunya ta rufe shi, don ya sha jin tsohon yana yabon koren nan.

Stavro ya daɗe yana kallo.

"Shekara dubu biyu wannan koren ya yi yana taruwa," in ji shi. "Shi dillalai ke saye."

"Tsatsa ce fa, patron," Kulsum ta ce wa ubangidan mijinta a hankali.

Tsohon ya shafa fiffiken gaggafar da yatsa, idonsa ya kawo ruwa, sai kuma ya yi dariya.

"Yanzu ba wanda zai saye shi, Madame. Zan iya kai shi gida."