Bokitin da Ya Ƙi Kama Ƙwaro

Zuhura ta tsuguna ta leƙa bokitin karo na uku. Ruwan sabulun fes yake, ko ƙwaro ɗaya babu.

Bunyaminu, malamin gona, shi ya kafa irin wannan bokiti a gonakin kudaku, wato dankalin Hausa, guda goma na Kaoje. An huda gefensa, an rataye 'yar roba mai ƙanshin macen ƙwaro a ciki. Mazan sai su taho a guje, kamar dai nasu na mutane, su faɗa ruwa. Duk Alhamis yakan zo a babur ya ƙirga. In sun yi yawa, sai a haƙe kudakun da wuri kafin tsutsa ta cinye shi a ƙasa.

To, bokitin kowa baƙi ƙirin, ban da na mijinta Attahiru. Mako uku ke nan. Bunyaminu har ya yaba, ya ce su bar kudakunsu ya ƙara girma. Attahiru kuwa ya bi majalisa yana faɗa, har labari ya kai kunnen fataken Benin da ke tsallako iyaka da a-kori-kura. Suka ce gonarsa za su fara ɗauka.

Zuhura dai ba ta yarda ba. Kunya ɗaya ce ta raba su da gonar Sadisu, kuma nasa bokitin har wari yake. Ƙwaro ya san iyakar gona? Da farko Sadisun ta zarga, don tun rigimar kan iyaka ba ya amsa sallamarsu da kyau. Ta gaya wa ƙawarta Dela cewa ya sace robar ne. Dela ta ce a'a, asiri ne, an rufe wa bokitin baki. Kafin la'asar rabin matan unguwa sun daina gaida matar Sadisu, baiwar Allah ba ta san hawa ba balle sauka.

Amma robar tana nan a rataye. Zuhura ta shinshina ta, ba ta ji komai ba.

Ranar Alhamis da hantsi ta ce za ta gidan suna a Zagga, sai ta zaga ta bayan gona ta laɓe a gindin mangwaro. Can sai ga Attahiru da buta. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya tuntsurar da ruwan bokitin a rami, ya tura ƙasa da ƙafa, ya zuba sabo.

"Malam, sannu da aiki."

Butar ta kusa suɓuce masa. "Ke ba Zagga kika tafi ba?"

"An ɗaga sunan. Mi ka binne?"

Ya yi ta kame-kame. Wai in aka ji gonarsa da ƙwari, fataken za su wuce ta. Wai kwana goma kawai yake so kudakun ya ƙara cika. Wai ma waɗanda suka faɗa ruwa ai sun riga sun mutu, mene ne na tallata su?

Ta wuce shi ta shiga cikin kudakun. Ta tona gindi huɗu da hannu, ta ƙulle abin da ta samu a gefen zane, ta yi gida.

Da azahar ta ajiye masa kwano, dafaffen kudaku da ƙuli da mai. Ya gutsura, fuskarsa ta yamutse. Cikin duk hanyoyin tsutsa ne baƙaƙe, ga ɗaci kamar maɗaci.

"Biyu cikin huɗu," in ji ta. "Masu kyan na ba yara."

Ta zauna tana tsince shinkafa, tana kallonsa ta wutsiyar ido. Ya cinye tas, bai bar ko ɓawo ba. Ya sha ruwa, ya daɗe yana kallon kwanon.

Sannan ya miƙe ya saɓa fartanya. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"In Bunyaminu ya zo, ki ce ya same ni gona. Ki kuma je ki gaida matar Sadisu."