Amsa ta Bakwai

Wayar ta yi ƙara daidai lokacin da Manaja ya jingina da teburin karɓar baƙi yana goge gumi da tawul. Auta ta jawo takardar nan mai rigar leda, ta ɗaga wayar da murmushi, domin layin farko ya ce wai ana jin murmushi ta waya.

"Barka da kiran gidan motsa jiki. Da wa nake magana?"

Sati uku ke nan tana aikin, ta haddace takardar tsaf. Duk uzurin da ɗan Adam zai kawo an tanadar masa amsa. Mai cewa ba shi da lokaci, amsa ta biyu. Mai cewa sai ya yi shawara, ta huɗu. Dokar ɗaya ce: ba a ajiye waya sai an tsayar wa mutum ranar zuwa. Manaja ya riga ya gargaɗe ta, duk wanda ya sake kuɓuce mata, tare za su tafi.

"Auta? Ni ce."

Matar yayanta ce, wadda kwana ashirin kacal da aka yi mata aiki aka ciro jariri. Manaja ya miƙa yatsa ya danna lasifika, kamar yadda yake yi wa kowace sabuwa.

"Anti, lafiya?"

"Yayanki ne ya kawo min takardar tallarku. Wai na zama katifa." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ina so in fara. Sai dai likita ya ce in huta wata uku."

Manaja ya dangwala yatsa a kan amsa ta bakwai. Auta ta san ta ko ido rufe: "Madam, ai hutun ne ya kawo mu nan. Yaushe rabon da maigida ya yaba ki?" Mutum biyar ta taɓa karanta wa, duk biyar ɗin sun zo. Yau ne kawai ta ji kunyar kanta, ita da ta riƙe hannun matar nan a ƙofar ɗakin tiyata.

Ta kife takardar.

"Anti, kar ki zo. Ɗinkin nan bai warke ba. In kika zo, ni da kaina zan mayar da ke gida."

Manaja bai ɗaga murya ba. Ya dai zare katin aikin da ke rataye a wuyanta, ya ce ta gaida gida.

* * *

Ba ta nufi gida ba, gidan Yaya ta wuce, tana tsara maganganun da za ta sauke masa. Tun daga ƙasan bene ta jiyo nishi. Anti ce ke saukowa, ta ɗaure ciki tamau da ɗankwali, hannu ɗaya a kan ƙarfen matakala, ɗayan dafe da mara.

"Hawa da sauka na sha biyu ke nan," in ji ta, tana haki. "Tunda kin hana ni can."

Ƙofar falo a buɗe take a sama. Yaya na kishingiɗe gaban talabijin, faranti ɗore a kan tumbinsa, jariri na ta tsala kuka a gefensa.

"Auta ce? Kun yi mata rajistar?" in ji Yaya daga falo.

Auta ta hau matakala uku, ta zauna a tsakiya, ta ware hannuwa ta kama ƙarfen dama da na hagu.

"Matsa min, Auta."

"Sai dai ki tsallake ni, Anti."

Anti ta tsaya a kanta tana sauke numfashi. A ƙasan ɗankwalin, wani ɗan jan ɗigo ya fara faɗaɗa a jikin farar rigarta.